Jan Haske da Sunan da Ban Rubuta Ba

Na dawo Bauchi daga karatun digiri na uku da wani ɗan gwangwani a cikin jakar hannuna, don ban yarda in sa shi a akwati ba. A cikinsa akwai guntun ma'adini da bai fi farcen babban yatsa ba, toka-toka mai ƙyalli kamar bakin fensir. Mahaifiyata ta buɗe ta leƙa, ta ce, "Shekara huɗu a ƙasar sanyi, tsarabar ke nan?" Na yi dariya, na ce ta dai jira tukuna.

Ma'adinin yana cikin jinsin da muke kira semikondakta, dangin abin da ake ƙera kayan cikin waya da fitilun zamani da shi. Ɓawo-ɓawo ne a jere, wani kan wani. In ka manna masa salatif ka ɗaye, sai ɓawo ya biyo. Ka ninka salatif ɗin ka sake ɗayewa, ka yi ta yi, har ka dace da ɓawo ɗaya tak, wanda gashin kai ma katako ne a kusa da shi. Dunƙulen ma'adinin ba ya ba da wani haske. Amma ɓawo ɗayan nan, in ka haska shi da koren hasken leza, sai ya mayar maka da jan haske. Damuwar kawai ita ce hasken ba shi da ƙarfi, da ƙyar na'ura take kama shi. Abin da nake so in yi shi ne in yayyafa masa ƙwayoyin zinari, ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, domin irin waɗannan ƙwayoyi suna tattara haske a gefensu, suna iya sa ɓawon ya ƙara haskawa. In an dace, wata rana za a iya yin fitila ko na'urar gano cuta da ta fi takarda siranta. Da wannan buri na kama aiki a sashen Fiziks na jami'a, ni kaɗai ce mace a cikin malaman sashen.

Ɗakin gwaje-gwajen da aka ba ni yana ƙarshen baranda, kuma yana da mai shi tun kafin in zo. Teknishiyan ne da ya kusa shekara talatin a wurin, kowa Baba yake ce masa, har shugaban sashe. Mutumin kudancin jihar ne, Kirista, dattijo a cocinsu, gidansa yana bayan barikin Shadawanka. Difloma gare shi, ba digiri ba. Kullum yana riga ni zuwa, sai in tarar ya share tebura ya jera kwalabe, yana sauraren ƙaramar rediyonsa ƙasa-ƙasa. Ran da na fara nuna masa jerin na'urorin da nake bukata, ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Dakta, ko ɗaya ba mu da shi. Amma gaya mini aikin da kowanne yake yi."

Na gaya masa. Cikin wata biyu ya fito da wani tsohon maikiroskop daga sito ya wanke madubansa, ya ɗaura masa leza irin ta nuna rubutu a allo, ya ƙera akwatin katako ya lulluɓe da baƙin yadi, don mu samu duhu da tsakar rana. Na'urar auna haske guda ɗaya da na zo da ita, wadda ake jonawa da kwamfuta, ya yi mata mazauni da guntun alminiyom. Akwai kuma injin da ake ɗora gilashi a kai ya juya da gudu don ruwa ya bazu siriri. Wannan da fankar tsohuwar kwamfuta ya haɗa shi.

Ba na mantawa da ranar da muka fara dafa zinarin. Ruwan gishirin zinari ne rawaya-rawaya a kwalbar gilashi, ana tafasa shi, sai a zuba masa wani sinadari dangin na lemun tsami. Launin ya ɓace, ya koma shuɗi mai duhu, can kuma ya rikiɗe ya zama ja kamar zoɓo. Baba ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga.

"Yanzu wannan zinari ne?"

"Zinari ne, Baba. In ya yi ƙanƙanta sosai haka yake zama."

"To, 'yata, kada matan unguwarmu su ji. Za su ce ƙarya nake yi."

Daga ranar yakan ce mini 'yata in mu biyu ne, Dakta kuma in da mutane.

Sai dai aikin ya ƙi. Duk lokacin da muka ɗiga jan ruwan a kan ɓawon, maimakon hasken ya ƙaru, sai ya mutu. Na san dalili, don yana cikin littattafai: idan zinarin ya taɓa ɓawon kai tsaye, yakan shanye hasken ne. Ana bukatar 'yar tazara a tsakaninsu, siririn shimfiɗi da ba zai yi kauri ba kuma ba zai yi ƙaranci ba. A inda na yi karatu, wani inji ne mai girman firij yake shimfiɗa shi. Mu ba mu da shi, kuma na riga na yanke a raina cewa in babu injin ba za a iya ba. Don haka na yi ta canza girman ƙwayoyin, ina fatan in dace ta wata hanyar. Wata bakwai muna abu ɗaya. Wani farfesa a sashenmu, wanda ya koyar da ni tun ina aji ɗaya, ya sa wa aikin suna wasan salatif. In mun haɗu a baranda sai ya ce, "Hajiya, yaya wasan?" Ina murmushi, amma abin yana cina.

Wata Laraba shugaban sashe ya kawo ɗaliban digiri na biyu su ga abin da muke yi. Na ɗauki gilashi ɗaya daga cikin waɗanda Baba ya shirya, na sa a maikiroskop. Sai na ga wani dabbare-dabbare a kan ɓawon, alamar gam ɗin salatif bai fita ba. Layin da ke nuna ƙarfin haske a kwamfuta ya ɗan ɗaga fiye da kullum, na gani sarai, amma na ɗauka dattin ne yake ruɗa na'urar. Ga mutane tsaye a kaina, ga gajiyar wata bakwai. Na juya na ce, "Baba, sau nawa zan ce a wanke gilashin nan da kyau? Nan ba garejin kanikawa ba ne. Da irin wannan ƙazantar ta yaya aiki zai yi kyau?" Na zare gilashin na jefa a kwandon shara.

Mutumin nan ya girmi mahaifiyata. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Dakta." Ɗaya daga cikin ɗaliban ya kawar da fuska. Na ci gaba da bayani kamar babu abin da ya faru. A hanyar Gubi da zan koma gida na ce gobe zan ba shi haƙuri. Da gobe ta yi, ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sai na ga kamar tayar da maganar zai fi barinta nauyi. Na bar ta.

Ba a daɗe ba malaman jami'a suka shiga yajin aiki. Ƙungiyar su Baba daban ce, su suna zuwa. Ni kuwa na zauna a gida, kuma gaskiya na ji daɗin hutun, don na fara tunanin in watsar da aikin gaba ɗaya. Ana cikin wata na uku, wata safiya, ya kira ni a waya.

"Dakta, in kina da sarari ki zo ki ga wani abu. Ban sani ba ko shirme ne."

Na tarar ya jera gilasai tara a kan farar takarda, kowanne da lamba. A gefe guda kuma ga wanda na jefar, ya tsince shi ya ajiye a cikin gwangwanin ashana. Ya ce tun ranar abin yake damunsa: me ya sa gilashin da ya fi datti shi ne layinsa ya fi ɗagawa? Ya tuna na taɓa ce masa ana bukatar tazara. Sai ya ce a ransa, ko gam ɗin ne ya zama tazarar? Ya nemo wani farin garin gam mai narkewa a ruwa da ke sito tun zamanin wani malami da ya rasu, ya dama shi kashi-kashi, daga mai kauri zuwa wanda kusan ruwa ne zalla. Ya ɗiga kowanne a kan ɓawon, ya juya a fankarsa, ya bari ya bushe, sannan ya sa zinarin a sama.

Muka fara aunawa. Na ɗaya, mai kaurin, haske bai ƙaru ba bai ragu ba. Na tara, wanda kusan babu gam, ya mutu kamar kullum. Da muka zo na shida, layin ya tashi ya wuce saman allon kwamfutar, sai da na rage ma'aunin kafin in ga ƙarshensa. Na ɗauka kuskure ne. Na sake, na canza wuri, na sake. Daga baya na sa gilashin tace haske na leƙa da idona, sai ga ɗigon ja yana ci a cikin duhun akwatin, abin da ban taɓa gani da ido ba sai a ƙasar waje.

Na zauna a kan kujera. Na ce, "Baba, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Ni dai na ga ya yi ja."

"Abin da nake nema tun da na dawo ke nan. Wallahi sunanka zai fito a muƙalar."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ni? A takardar Turawa?" Ya ce babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya, ita za ta fi kowa murna, don tun tana ƙarama take tambayarsa me yake yi a jami'a in ba koyarwa yake yi ba. Ga gilashin da na jefar a gabana, a cikin gwangwanin ashana. A lokacin ma ban ba shi haƙuri ba. Godiya na yi ta yi, ina ganin kamar ta wadatar.

Bayan an janye yajin aiki, na shirya semina a sashen. Zauren ya cika, har da malaman Kemistiri. Baba ne a kan majigi, yana zaune a baya yana canza hotuna in na ɗaga hannu. Na nuna gilasai tara, na nuna layin da ya tashi. Da aka zo tambayoyi, farfesan nan ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Aiki ya yi kyau, Hajiya. Amma wannan dabara ta gam, wa ya ba ki ita?"

Yadda ya ja kalmar "wa" shi ne ya sokan. Na ji kamar duk mazan da ke zauren jira suke in ambaci wani namiji, su kalli juna su ce ai dama. Shekara da shekaru ina jin irin wannan, tun ina ɗaliba, in na ci jarrabawa a ce wani ne ya koya mini. Ban yi dogon tunani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafi ne ya nuna mini. Na auna tazarar da ake bukata, sai na nemi abin da zai ba ni ita a cikin kayan da muke da su."

Aka tafa. Farfesan ya gyaɗa kai ya zauna. Ban kalli bayan zauren ba. Na ɗaga hannu, hoton ƙarshe ya fito a kan lokaci. Da aka watse, ina tsaye ana taya ni murna, na hango Baba yana naɗe wayar majigi a gwiwar hannunsa, a hankali, yadda ya saba.

Muƙalar ta ɗauke ni wata huɗu. Na aika gilasan wurin tsohon malamina a ƙasar waje, ya auna da manyan na'urori ya tabbatar, don haka sunansa ya shiga. Sunan shugaban sashe ma ya shiga, bisa al'ada. A rubutun farko na sa sunan Baba na biyu. Shugaban sashe ya gani ya ce, "Ba a saba sa teknishiyan ba. Ki gode masa a ƙasa mana." A wuce ya faɗa, yana neman makullin motarsa. Da na ce a'a, ba zai ja ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa shi ya hana, amma ba haka ba ne. Mujallar tana so a rubuta abin da kowane mai suna ya yi. In na sa Baba, dole in rubuta cewa shi ya gano dabarar, kuma duk wanda ya zauna a zauren nan zai san na yi ƙarya. Na goge sunan. A ƙarshen muƙalar na rubuta layi ɗaya na godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje.

Ran da ta fito, na buga kwafi na ajiye a ofis, ban kai ɗakin gwaji ba. Shi ya zo da kansa, ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Dakta, na ji an ce takardarmu ta fito."

Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ya juya shafukan, ya tsaya a hoton gilasansa tara, da lambobin da ya rubuta da hannunsa. Ya je ƙarshe ya karanta layin godiyar. Ina zaune ina jujjuya biro, na shirya abin da zan ce game da shugaban sashe da al'adar mujallu. Bai tambaya ba. Ya daidaita takardun ya ajiye a kan teburina.

"Ta yi kyau. Allah ya ƙara ɗaukaka."

Saura wata takwas ya yi ritaya a lokacin. Bai fasa riga ni zuwa ba, bai fasa gaisuwa ba. Amma bai sake ce mini 'yata ba, kuma bai sake gwada wani abu da ba a sa shi ba. In na ce a dama kaza, ya dama. In na tambaye shi ra'ayinsa, sai ya ce, "Yadda kika gani, Dakta." Ni kuma na fara rage shiga ɗakin, ina aika saƙo ta hannun ɗalibai. A walimar sallamarsa ni aka sa na yi jawabi. Na ce mutum ne mai gaskiya da riƙon amana, na miƙa masa agogon bango a madadin sashe, aka ɗauke mu hoto.

Muƙalar ta kai ni inda ban zata ba. An ƙara mini girma, an gayyace ni taro a Abuja, ɗalibai mata suna zuwa ofishina su ce da ni suke koyi. Kowace gayyata ta zo, sai in yi ta istigfari a mota. Amma ban yi komai a kai ba.

Abin da ya tilasta mini ba tsoron Allah ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Bayan tafiyar Baba, aikin ya daina fitowa. Ɗalibaina biyu suka bi abin da na rubuta a muƙalar daki-daki, haske ya ƙi tashi. Na karɓa da hannuna, ya ƙi. Ana haka sai ga wasiƙa ta imel daga wata mai bincike a wata ƙasa, cikin ladabi, tana cewa sun gwada hanyata sau da yawa ba su samu abin da na samu ba, ko akwai wani mataki da ban ambata ba? Kwana goma ina buɗe wasiƙar ina rufewa. Ban san amsar ba. Alkaluman da na sa a muƙalar daga jikin kwalaben Baba na kwafe su, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake yi daga farko har ƙarshe ba.

Na gaya wa maigidana komai, wanda shi ma har lokacin ya ɗauka dabarata ce. Da na gama ya ce, "Ki je wurinsa. Amma ki san abin da zai kai ki, tambaya ko ban haƙuri." Na ce duka biyun. Ya ce, "To ki fara da na biyun."

Na je gidan bayan Shadawanka wata Asabar da hantsi. Matarsa ta karɓe ni da fara'a, ta ce ai Baba tun da ya ajiye aiki ya koma manomi, yana gonarsa wajen Zungur. Ta kwatanta mini. Ƙarshen damina ne, hanya duk ta zaizaye, sai da na ajiye mota na ƙarasa da ƙafa. Na same shi yana cirar gyaɗa, da tsohuwar rigar ɗakin gwaji a jikinsa, ta koma ruwan ƙasa. Da ya gan ni ya tsaya riƙe da fartanya.

"Dakta? Lafiya dai?"

Muka zauna a gindin wata ɗorawa, ya juye mini bokiti na zauna a kai. Duk da abin da maigidana ya ce, da tambayar na fara, don ita ta fi sauƙin fita. Ya saurara, ya ce, "A wane wata suka gwada?" Na gaya masa. Ya ce ai da damina gam ɗin ba ya bushewa daidai, shi yakan sa gilashin a cikin kwali da ƙwan fitila mai ɗumi na rabin yini. Kuma ba a amfani da gam ran da aka dama shi, sai ya kwana uku an tace. Fankar ma ba da wutar bango yake juya ta ba, da wata tsohuwar cajar waya ce mai rage mata gudu.

"Duk na rubuta," in ji shi. "Yana cikin littafi mai baƙin bango, a durowa ta biyu ta teburina. Da gangan na bar shi. Na ɗauka za ki buɗe."

Ban taɓa buɗe durowar ba. Teburinsa ma ba na son kallo.

Sai na ce, "Baba, ba wannan kaɗai ya kawo ni ba." Na ce na ci mutuncinsa a gaban ɗalibai a kan abin da ya zama shi ne gaskiya. Na yi ƙarya a semina. Na yi masa alkawari har da rantsuwa, na cire sunansa da hannuna, ba wanda ya tilasta mini. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana murza ƙasar da ke jikin wata gyaɗa. Sannan ya ce, "Maganar gareji, wannan na manta. Mai aiki yakan yi fushi. Takardar ma, da kin zo kin ce mini ga yadda aka yi, zan ce ba komai, ni ba ƙarin girma nake nema da ita ba." Ya jefa gyaɗar a kwando. "Amma ranar majigi, da kika ba farfesa amsa, na jira ki juyo ki kalle ni. Ko sau ɗaya. Da kin kalle ni, zan san kin san da ni, tsoro ne kawai ya kama ki. Ba ki juyo ba."

Ya ce ya riga ya gaya wa 'yarsa tun ranar da na yi alkawarin, ita kuma ta gaya wa mutane a coci, har fasto ya yi masa barka. Da takardar ta fito sai ya ce mata an ɗaga, wata za ta fito nan gaba. "Tun da aka haife ta ban saba yi wa yarinyar nan ƙarya ba," in ji shi. Daga nan ya ce ya yafe, tun tuni ma, don a addininsu da namu duka haka aka ce a yi. Ya cika mini leda da ɗanyar gyaɗa, ya raka ni har mota.

Littafin yana inda ya ce. Shafi arba'in da wani abu, da ƙaramin rubutunsa, kowace rana da abin da ya gwada da abin da ya gani, har da ranakun da bai samu komai ba. Muka bi shi, a gwaji na biyu haske ya tashi. Na amsa wa mai binciken nan, na gaya mata wanda ya gano hanyar. Na rubuta wa mujallar ina neman a gyara sunaye, suka ce sai duk masu suna sun sa hannu, kuma sai na bayyana dalili a rubuce. Na bayyana. Tsohon malamina ya sa hannu, ya aiko mini da layi biyu masu sanyi, tun daga nan kuma bai sake neman mu yi aiki tare ba. Shugaban sashe ya riƙe takardar wata biyu kafin ya sa nasa.

A taron sashe na gaba na nemi izini na miƙe, na faɗi abin da ya faru. Sai kawai aka wuce zuwa maganar jadawalin jarrabawa. Da muka fito, farfesan ya tsaya kusa da ni a baranda.

"Hajiya, ai mun sani," in ji shi. "Duk wanda ya daɗe a sashen nan ya san hannun Baba in ya gani. Lambobin da ke jikin gilasan ma rubutunsa ne. Na tambaye ki ne don ki samu hanyar ambatonsa a gaban mutane."

Har yau ban tabbatar ko gaskiya ya faɗa game da niyyarsa ba. Amma sun sani, wannan kam na yarda.

Gyaran ya fito bayan kusan shekara, rabin shafi, a can ƙarshen mujallar. Masu ambaton aikin har yanzu tsohon jerin sunayen suke kwafa. Na buga shi a takarda mai kauri na kai gidan. Ran nan 'yar tasa tana nan, ta dawo daga aiki ko farin kayanta ba ta cire ba. Baba ya karanta sunansa, ya sake karantawa, ya yi murmushi ya miƙa mata. Na ce masa akwai muƙala ta biyu da muke rubutawa da ɗalibaina, ina so in sa shi a ciki.

"Na yi aiki a cikinta?"

"Da hanyarka muka yi, Baba."

"To ku ambaci ta farkon, ya isa. Kada ki sa sunana inda ban taɓa ba."

'Yar ta gama karantawa. Sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni. Ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Dakta, me ya sa sai yanzu?"

Baba ya ce mata ta kawo wa baƙuwa ruwa. Ta tashi ta shiga ciki da takardar a hannunta, ta kawo ruwan ta ajiye a gabana, ba ta sake zama ba.

Ina zuwa gaishe shi lokacin Kirsimeti, shi ma yakan kira ni da Sallah. Na roƙe shi sau biyu ya zo ya nuna wa sababbin ɗalibai yadda yake dama gam ɗin, ko na yini ɗaya. Duka biyun ya ce aikin gona ya yi yawa.